Yaya Illiya da Hotunan Duhu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Su'ada, 'yata, ki gafarce ni da zan dame ki da dogon rubutu alhali kina cikin jego, ga kuma zafin rashin uba. Ku ma 'yan'uwa da ke wannan zaure na waya, na Wagadugu da na Kumasi da na sauran wurare, ku yi min afuwa. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, tun da aka sa ni cikin zauren nan ban taɓa rubuta abin da ya wuce amin ba. Na yi ta kiran Su'ada ban same ta ba. Mijinta ya ce ta ajiye waya tun ranar rasuwa, sai dai a karanta mata saƙo. To ga saƙo. Wanda ke kusa da ita ya taimaka ya karanta mata har ƙarshe, kada ya tsallake komai. Ni ce Rahinatu, gwaggonta ta Zongo.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Yaya Illiya mai hoto ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, 2024, goma ga watan Jimada Awwal. A shagonsa na Dapoya abin ya same shi, bayan azahar, yana gyara wa wata tsohuwa zaman kallabi zai ɗauke ta hoton katin shaida. Ita ce ta ba da labari. Ta ce ya ce mata, "Yaba, kakata, ɗaga haɓa kaɗan," sai ya dafa bango, ya zame a hankali ya zauna. Aka kai shi asibiti, bai ga la'asar ba. Da safiyar Laraba aka yi masa sutura, aka kwantar da shi kusa da matarsa Fatu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Ga yaran da ba su san yadda muke da shi ba: ni da shi ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo yana jariri, sai Inna ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da yayata, daga baya aka haife ni. Nono ya mai da shi yayana, ina shiga wurinsa yana shiga wurina babu shamaki. Amma nono ba ya ba da gado, wannan na sani tun ina gaban allo, kuma ku riƙe shi, don zai zo a gaba.

Yaya Illiya, da kai zan yi magana yanzu, ko da yake na san ka wuce inda maganata za ta amfane ka sai addu'a.

Na tuna shekarar ambaliya, 2009, da ruwa ya shiga gidaje ya tafi da katifu da tukwane. Mutane na neman abin ci da wurin kwana, kai ma ka yi jigilar tsofaffi a bayan moto, wato babur, har ka gaji, sannan ka dawo kana bi gida gida da bokiti kana cewa a ba ka hotunan da suka jiƙe kafin su manne da juna. An yi maka dariya a ranar. Ka ɗaure igiyoyi a shago kamar na shanya, ka wanke su ɗaya bayan ɗaya, ka shanya, ka rubuta sunan gida a bayan kowanne. Da hankali ya kwanta, waɗanda suka yi dariyar su ne suka riƙa zuwa a sunkuye suna tambaya ko hoton mahaifinsu yana ciki. Ba ka taɓa tuna wa kowa dariyarsa ba. Hoton Inna guda ɗaya tak muke da shi, wanda aka ɗauka ranar da za ta tafi Makka, laka ta cinye gefen fuskarta. Ka riƙe shi har damina ta wuce, ka kawo min shi a gyare cikin gilashi, ka ce, "Kunnenta na hagu ban tuna shi ba, Rahinatu, naki na ara." Yana nan rataye a ɗakina.

Na tuna farin ƙyallen da kake naɗewa a bayan moto. Duk tsohon da ba ya iya tashi kuma ana neman hotonsa don takarda, kai kake zuwa har kan gado, a tallafe shi, mutum biyu su riƙe ƙyallen a bayansa, ka yi ta ba shi labari har ya saki fuska. Ka ce ba ka yarda hukuma ta ajiye hoton mutumin Zongo yana kama da wanda aka kama da laifi ba. Babu gida a unguwar nan da babu aikin hannunka a bango, daga suna zuwa saukar karatu zuwa aure.

Sai maganar taurari, wadda ita ce ta jawo wannan rubutu.

Wani mushe, wato malamin boko, da ya koyar a lise, makarantar sakandare, zai koma ƙasarsu ya bar maka tsohon madubin hangen nesa, wanda kuke kira teleskop. Da wata ka fara. Daga nan ka wuce shi, ka wuce Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta waɗanda kowa ya sani, ka tafi neman abin da ido ba ya kamawa. A da kana fita ƙauye da kayanka inda babu fitilu. Da hanyoyi suka lalace ka dawo saman ɗakinka. Duk unguwa in aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai tsaki da Allah-ya-isa, kai kaɗai ake jin kana alhamdu lillahi kana hawa tsani, don gari ya yi duhu sama ta buɗe. Kuma ban taɓa jin an ce ka rasa sahun asuba saboda wannan ba.

Ranar da ka fara nuna min, da yamma ne a ɗakina, ina tsince shinkafa. Ka juyo min da ordinata, wato kwamfuta, ka ce in kalla. Na ga wani abu mai haske a karkace, tsakiyarsa kamar gwaiduwa, gefensa yana bajewa. Na ce wane tauraro ne wannan. Ka ce, "Ba tauraro ba ne, gari ne guda na taurari, sun fi ƙarfin ƙirga. Rana da muke gani da duk waɗannan na samanmu, mu ma a cikin irin wannan gari muke. Wannan maƙwabcinmu ne." Ka ce masu boko suna ce masa galaksi, kuma kowanne da lambarsa, amma kai sunan gida kake sa musu. Wannan Faifai. Akwai Malafa, akwai Guguwa. Ka ce hasken Faifai ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya kafin ya faɗo cikin madubinka. Na ajiye shinkafar na yi ta tasbihi, ban san lokacin da hawaye suka zo min ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai da na tambaya, don ba na son in yi sha'awar abin da bai halatta ba. Na je wurin Malam Waliyullahi, limaminmu. Shi ma bai yanke hukunci daga kan buzu ba, ya taka har gidanka bayan magariba, ya sa ido a madubin ya kalli wata, ya yi maka tambayoyi. Ya ce mai bokanci da'awar sanin gaibu yake yi, kai kuwa halittar Allah da ke bayyane kake ɗauka, babu abin da ya haɗa ku. Ko ganin watan azumi, da mutane ke rugowa suna "Illiya, ka gan shi?", ba ka taɓa ba da sanarwa ba. Kakan ce akwai waɗanda aka ɗora wa wannan nauyi, a jira su.

Yanzu bari in faɗi yadda kake aikin, yadda ka koya min, don a kansa aka yi ɓarna. Hasken yana da rauni ƙwarai, hoto ɗaya ba ya nuna komai. Sai a ɗora aparai, wato na'urar ɗaukar hoton, a bakin teleskop, a kan wata ƙafa mai juyawa a hankali tana bin sama, a yi ta ɗaukar wuri guda sau ɗaruruwa, yau da gobe. In an gama, sai a rufe bakin na'urar da murfinta, a sake ɗaukar wasu da yawa a rufe. Waɗannan baƙaƙe ƙirin suke fitowa. Amfaninsu shi ne, ita kanta na'urar in ta yi zafi tana zuba ƙananan ɗigo-ɗigo nata a cikin hoto, masu kama da taurari alhali ba su ba ne. A cikin baƙin hoton ake gane su, ordinata ta cire su daga sauran, sannan ta tara sauran wuri ɗaya har garin taurarin ya fito. Da na kasa ganewa ka ce min, "Ba kin ga mai awon kirki yana fara ɗora kwano wofi a sikeli kafin ya zuba kaya ba? Don kada ya sayar miki da nauyin kwano." Shi ke nan hotunan duhu. Ka ce ba ka so ka nuna wa mutane tauraron da Allah bai halitta ba.

Tarawar tana cin wuni guda, kuma in wuta ta yanke a tsakiya sai a faro daga farko. Gidana ke da sola, shi ya sa ordinatarka take zama a ɗakina. Kai da kake murna da ɗauke kuran bayan isha'i, da rana kai ne kan gaba wajen mita. Nakan tsokane ka da wannan.

Su'ada, ki saurara nan. Tun da ruwa ya ɗauke bana mahaifinki ya koma kan Faifai, ya ce na baya bai gamsar da shi ba, yana son wanda ya fi duka. Da aka kira aka ce kin sauka lafiya, an samu mace, aka sa mata Shifa, ya zo ɗakina yana dariya shi kaɗai. Ya ce, "Kowa zai kai atamfa da sabulu. Ni garin taurari zan kai wa amaryata." Niyyarsa ya wanke shi babba, ya sa a gilashi, in tafi miki da shi idan zan zo arba'in. Ya gama ɗauka, masu hasken da baƙaƙen duka, ya zuba su a ordinata. Tarawa kaɗai ta rage. Ya ce min ranar Laraba zai zo ya sa. Ranar Laraba aka kai shi.

Abin da zan faɗa daga nan ba giba ba ce. A gabana aka yi, na faɗa musu a fuskarsu, kuma dukansu suna cikin zauren nan, wanda na yi wa ƙarya ya ƙaryata ni.

Bayan addu'ar bakwai, kamar yadda muka saba, aka ce a kira malami ya duba takardun mamaci, a ware masu sunan Allah don kada su wulaƙanta. Malam Waliyullahi ya yi tafiya Bobo a makon. Sharu Rasmane, yayan marigayi uwa ɗaya uba ɗaya, bai jira shi ba, sai ya kira Ɗan Malam. Ga waɗanda ke nesa: Ɗan Malam shi ne mai shagon turare da ruwan tofi a bakin titi. Mahaifinsa malami ne na gaske, Allah ya jiƙansa, a wurinsa na yi sauka. Ɗan ya gaji rawanin da sunan, littattafan kuwa suna nan yadda tsohon ya bar su, gara ma ta fi shi kusantarsu.

Ina zaune a tsakar gida tare da mata, ƙofar ɗakin a buɗe. Suka kunna aparai. Da yake baƙaƙen ne na ƙarshe da aka ɗauka, su suka fara fitowa. Ɗan Malam ya ce, "Sharu, danna gaba." Baƙi. "Danna." Baƙi. Suka yi ta dannawa. Sai ya ja da baya yana a'uziyya da ƙarfi, yadda matan waje za su ji, ya ce, "Mutum ya hau sama shi kaɗai yana ɗaukar hoton duhu? Mu dai ba ma ganin komai a ciki. Shi ya san waɗanda yake gani." Da sun ƙara dannawa kaɗan da sun isa ga taurarin, amma wanda ya zo da amsarsa a aljihu ba ya buƙatar ƙarasa tambaya. Suka jawo akwatin hotunan da ya wanke, da taswirorin sama masu layi-layi da lambobi waɗanda yake neman wuri da su. Ɗan Malam ya ɗaga ɗaya a juye, ƙasa a sama, ya ce hatimi ne, irin na mutanen gabas, shi ya san shi.

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa, na yi sallama, na ce, "Yaya Sharu, don Allah ku dakata, murfi ne a rufe, shi ya sa suka yi baƙi." Na fara bayanin kwano da sikeli, na ɗauka mutumin da ya yi rayuwarsa yana fiton kaya a kan iyaka zai gane awo. Ɗan Malam ya yi murmushi ya ce, "Malama, karatun allo daban, wannan fage daban. Ki koma wajen tukunya, ruwan zomkom ɗin baƙi ya ƙare." Sharu kuwa ko kallona bai yi ba, ya ce, "Sa sufi, ya isa haka, Rahinatu. Nono ya haɗa ku, ba jini ba. Ƙanena nake wankewa." Suka kwashi Malafa da Guguwa da sauran aikin shekaru, suka kai bayan gida suka zuba musu fetur. Ɗan katin da ke cikin aparai, Sharu ya sa filaya ya karya shi biyu. Teleskop ɗin dai ba a ƙona ba. Ɗan Malam ya ce ƙarfe ba ya riƙe sihiri, a kai masa shago zai yi masa tofi ya ajiye. Ikon Allah, takarda tana riƙewa, kati yana riƙewa, abin da ke da kyan ajiyewa a shago ne kaɗai ba ya riƙewa.

Ba na shiga zuciyar kowa, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Amma abin da kunnena ya ji zan iya faɗa. Shekarun baya, a ɗakina, Sharu ya samu ƙanensa yana aiki, ya rage murya ya ce ya duba masa taurari, wace rana ce ta dace ya taso da kaya daga Lome. Yaya Illiya ya yi dariya ya ce, "Yaya, hasken nan ya taso tun ba a haƙa rijiyar farko a duniya ba, ina ya san kontenarka? Ka yi istihara ka duba tayoyin mota." Sharu ya fita bai yi sallama ba. Shi kuma Ɗan Malam ya taɓa zuwa da babbar riga da carbi mai dubu, yana so a ɗauke shi hoto a jingine da teleskop don ya manna a allon shagonsa, a rubuta masanin sirrin taurari. Marigayi ya ce zai ɗauke shi hoto a ko'ina, a kowace riga, ban da nan. To waɗannan su ne mutum biyun da suka zauna suka yanke cewa Illiya boka ne: wanda ya nemi a yi masa duba aka hana shi, da wanda ya nemi a ɗauka shi mai duba ne aka hana shi.

Ku ma sauran ban wanke ku ba, ku yi haƙuri. Kuna nan a tsakar gida, hayaƙi yana tashi, kuna miƙa wa juna kofi. Waɗanda suka yi shekaru suna kiransa Illiya Sama-jannati a bayan idonsa, su ne suka fi kowa ɗaga murya ranar jana'iza. Hoton watan da ya ɗauka yana nan a fuskar wayoyinku da "Juma'a mubaraka" a rubuce a kansa, ko sunansa ba ku bari a jiki ba. Yanzu kuma a bakin famfo ana cewa ai dama, ai mutum ba ya faɗuwa haka kawai da rana tsaka. Hawan jini ne, likita ya faɗa, kuma rabin masu wannan magana maganin hawan jinin yana cikin jakarsu. Mutumin da ya tsamo fuskokin iyayenku daga laka, bai yi mako biyu a ƙasa ba kuka shafa wa tasa. Ba na fushi, shekaruna sun wuce nan. Na dai ga girman kowa, kuma ban sha wahalar aunawa ba.

Da Malam Waliyullahi ya dawo ya ji, ya kira Sharu ya faɗa masa gaskiya, ya kuma faɗa a masallaci bayan la'asar cewa shi shaida ne marigayi ba shi da haɗi da bokanci. Allah ya saka masa. Amma Sharu bai sauko ba, don saukowa tana nufin ya yarda ya ƙona aikin ƙanensa a banza. Ya aiko, sannan ya zo da kansa, ya ce in ba shi ordinata a kai wa mai gyara ya share duk abin da ke ciki, ƙurmus. A cikinta kaɗai Faifai ya rage, da kwafin waɗanda aka ƙona. In aka share, babu sauran wani wuri a duniya da suke.

Na ce masa amana ce a hannuna, kuma magada biyu ne, shi da ke, Su'ada, rabi da rabi, ba a raba ba tukuna. Sai ya ce ai kin wakilta shi. Kin tuna ranar rasuwa ya kira ki yana tambaya inda za a kwantar da mahaifinki, kina kuka kika ce, "Baffa, duk abin da ka ga ya dace ka yi, na bar maka komai." Kowace 'ya mai tarbiyya haka za ta ce wa baffanta a irin wannan rana. Shi kuwa ya naɗe maganar ya sa a aljihu, a gaban shaidu aka yi, yana yawo da ita. Muka koma wurin liman. Malam ya ce a zahiri wakilci ne, ba zai iya warware shi da zato ba, mai shi kaɗai ke iya warwarewa. Ya roƙi Sharu ya jira zuwa Juma'ar nan mai zuwa. In an sauko daga masallaci ba a ji daga gare ki ba, maganarki ta farko tana nan, in miƙa.

Akwai wata baiwar Allah, Madam Nabila, malamar lise ce, tana cikin 'yan ƙungiyar masu kallon sama da ke haɗuwa a Zogona, inda marigayi yake zuwa wani lokaci. Ta zo ta'aziyya, ta biyo ni gida, na bar ta ta duba ba tare da ta taɓa komai ba. Ta ce aikin cikakke ne, baƙaƙen ma suna nan ba wanda ya ɓata, wuni ɗaya ya ishe ta ta tara shi ya fito yadda ya so. Da ta ji halin da ake ciki ta zaro ɗan kile, abin kwafar bayanai daga ordinata, daga jaka ta ce, "Tanti, bari in kwafe kawai, yanzu-yanzu, babu wanda zai sani." Wallahi raina ya so. Na ce mata Allah zai sani, ni ma zan sani. Dukiyar magada ce, ba ni da ikon ɗiba ko in ba wani, ko da ɗibar ba ta rage komai. Ta yi ta kallona kamar ta yi kuka, ta ce, "Tanti, se pa posibl," wato wannan ba zai yiwu ba. Na ba ta ruwa ta sha ta tafi. Wataƙila wasunku su ce wauta ce. Mai kayan ya san halina ya ajiye a wurina.

Yaya Illiya, ka yi zamanka ba ka cuci kowa ba, ba ka ci da addini ba, ba ka yi da'awar sanin abin da ba ka sani ba. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya sauƙaƙa maka tambaya. Allah ya sa alherin da ka yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi ya tarbe ka. Ya haɗa ka da Fatu da iyayenka da Inna a Aljanna Firdausi. Ya sa tasbihin da mutane suka yi saboda abin da ka nuna musu ya shiga mizaninka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Su'ada, da maigidanki da danginsa na Kumasi. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki lafiyar shayarwa, ya raya Shifa a kan sunna. Ina yi wa Yaya Sharu Rasmane da iyalinsa ta'aziyya, don ƙane ya rasa, kuma rashin ƙane ba ƙarami ba ne ko ga wanda bai san abin da ya rasa ba. Ina yi wa maƙwabtan shago na Dapoya, da jama'ar masallacinmu, da mutanen Zongo baki ɗaya. Wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Wanda ya ɓata wa marigayi kuma, ƙofar tuba ba ta rufe ba, ya san bakin famfon da ya yi maganar, can zai koma ya gyara.

Su'ada, ba na ce ki saɓa wa baffanki ba, kuma ba zan zaɓa miki ba. Haƙƙinki ne. In kin ce a share, da hannuna zan naɗe ta in kai masa, ba za ki ƙara jin maganar daga bakina ba. In kuwa kina son 'yarki ta samu abin da kakanta ya tanadar mata, to ki faɗa da muryarki a nan cikin zaure, inda Malam da Baffanki za su ji, cewa wakilcin da kika ba shi na jana'iza ne, kuma Gwaggo Rahinatu ta riƙe ordinata har a raba gado, a bar Madam Nabila ta ƙarasa aikin. Ba sai kin yi doguwar magana ba, na san ba ki da ƙarfinta.

Yau Litinin. Don Allah ki amsa min da wuri, kafin Juma'a.

Gwaggonki,
Rahinatu, Zongo.